Bututu a waje ko a cikin bango?

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa muke fasa bango muna binne bututu, alhali ka ga hoton wani gini a birnin Faris da bututunsa duk a waje, jama'a kuma na tururuwar kallonsa. To, zauna ka ji.

Ginin nan sunansa Cibiyar Pompidou. Renzo Piano da Richard Rogers na cikin waɗanda suka ci gasar zana shi a 1971, aka buɗe shi a 1977. Ba ƙyuyar fasa bango ce ta sa su ba. Gidan baje kolin zane-zane ne da ɗakin karatu, ana son kowane hawa ya zama fili fetal, babu ginshiƙi a tsakiya, a kasa shi yadda aka ga dama. Sai suka kwaso ginshiƙai da bututu da lifta suka maida su jikin ginin ta waje. Kowanne da fentinsa: shuɗi na iska, kore na ruwa, rawaya na lantarki, ja kuwa na abin da ke hawa da sauka da mutane, har da matattakalar nan mai tafiya da kanta da ke cikin bututun gilashi. Kana tsaye a titi ka san hanyar da ruwa ke bi.

Ni dabarar tana burge ni ƙwarai. Maginanmu na ƙasa ma ba su taɓa ɓoye indararo ba, sun bar shi ya zama kwalliyar soro.

Amma ka san abin da ka ɗauko. Bututun da ka binne, filasta na rufa maka asiri. Na waje kuwa, in ya karkace ko da faɗin yatsa ne, duk mai wucewa ya gani. Kowace mahaɗa, kowace walda, kowane noti sai ya fita tsaf. Ga ruwan sama da tsatsa suna cinsa dare da rana. Masu kula da Pompidou su kansu sun rufe ginin daga 1997 zuwa 2000 don gyara, sun sake rufewa a 2025, aikin da zai ɗauki shekara biyar.

Bututun robar da muke aiki da shi, in ka bar shi a ranar bazara, ƙonewa yake ya bushe, ya riƙa tsagewa. Idan mai gida ya ce a waje yake so, ka nemi na ƙarfe ko ka yi wa na roba fenti, ka ɗaure shi da maƙalai kusa-kusa, ka ɗora lebur kafin ka huda bango.