Amsa: Kwangilar kujerun makaranta daga ƙaramar hukuma

Malam, ka ce kai kafinta ne, kana tambaya ko ƙaramin shago irin naka zai iya neman kwangilar kujerun firamare. Zai iya, amma fara da takardu: rajista da CAC (hukumar rajistar kamfanoni), shaidar biyan haraji ta shekara uku, da asusun banki da sunan kamfanin, ba naka na ƙashin kanka ba. Dokar sayayya ta tarayya ta 2007, wadda BPP, hukumar sa ido kan sayayyar gwamnati, ke kula da ita, ta ayyukan tarayya ce. Na ƙaramar hukuma, dokar jiharku za ka duba, ka kuma yi rajista a matsayin ɗan kwangila.

Riƙa leƙa allon sanarwa na sakatariya da jaridu. In an yi sanarwa, ka sa takardunka da farashinka a ambulan, ka rufe shi ruf, ka kai kafin wa'adi, ranar buɗewa ka je ka zauna a karanta farashi a gabanka.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne karya farashi. Biya kan yi jinkiri, katako da ƙusa kuwa ba sa jira. In jarinka ba zai ɗauki watanni ba, ku haɗa hannu da wani.