Me ya sa Oga ke hana ƙara ruwa a kwaɓin kankare?

Yaro, jiya da muka tashi daga zuba dakin, wato rufin bene na kankare, ka tare ni da tambaya: me ya sa nake faɗa duk lokacin da lebura ya kai hannu ga bokitin ruwa, alhali kwaɓi mai ruwa ya fi daɗin ɗiba da shebur, ya kuma fi saurin ratsa rodi? Ka ce wa ma ya kafa wannan doka? Gajiya ta hana ni ba ka amsa a lokacin, ga ta yanzu.

Mutumin sunansa Duff Abrams, Ba'amurke, an haife shi a 1880, ya rasu a 1965. Injiniya ne, ya yi karatu a jami'ar jihar Ilinoi. A zamaninsa magina suna auna siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kamar yadda muke yi da kwano har gobe, amma ruwa babu mai auna shi. Kwarara shi ake yi har kwaɓin ya gangara cikin indararo kamar kunu. Sai ka ga awo iri ɗaya, ginin wannan ya yi ƙarfi, na wancan yana marmashewa, kowa na ɗora laifi kan siminti.

Abrams ya shugabanci wani ɗakin gwajin kayan gini a Cibiyar Lewis da ke Chikago. Aikinsu kullum shi ne a kwaɓa, a zuba a mazubi, a jira ya yi kwanakinsa, a sa a na'ura ta matse shi har ya fashe, a rubuta nauyin da ya ɗauka. Gwaji wajen 50,000 suka yi kafin ya fitar da sakamakon a 1918. Ni wannan haƙurin ne yake ba ni sha'awa. Shekaru mutum yana fasa abin da ya gina da hannunsa don ya gane abu ɗaya: muddin kwaɓi yana aikatuwa, kayan kuma masu kyau ne, ƙarfinsa yana bin yawan ruwan da ka ba kowane buhun siminti. Ruwa ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Wani Bafaranshe, René Féret, ya riga shi hango kusan haka tun kafin 1900, amma ta hannun Abrams maganar ta iso wurin masu aiki.

Dalilin ba boyayye ba ne. Siminti ba bushewa yake yi kamar laka ba, haɗuwa yake yi da ruwa ya zama dutse, kuma abin da yake ci a wannan haɗuwar kusan kwatan nauyinsa ne. Sauran ruwan don aiki ya yi sauƙi muke sa shi. Abin da ya yi rara yana zaune a ciki ya tare wuri, ranar da ya fita sai ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Ta nan danshi ke bi ya iske rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga fila daga ciki.

Mu mai da shi kan kayanmu. Buhu kilo 50 ne. Jarka ɗaya mai lita 25 rabin nauyin buhu ke nan, kuma ita nake so ka riƙe a aikin dakin da fila. In ka kai lita 35, a lissafin da Abrams ya fitar kan simintin zamaninsa ƙarfin ya zube da kusan rabi. Bokiti ɗaya tal. Kada ka manta yashin damina da ruwansa yake zuwa, sai ka rage na jarka.

Amma kar ka ɗauki maganar ka wuce gona da iri. Na taɓa ganin filar da aka kwaɓa a bushe, da aka cire katako sai ga ta kamar saƙar zuma, rodi a waje. Rusa ta muka yi. Shi ya sa Abrams ya gindaya sharaɗin kwaɓi ya aikatu. In ya yi maka tauri, ƙara siminti da ruwa tare bisa awonsu, ka kuma soka shi sosai.

Ƙarfen nan mai kama da mazurari da ka ga injiniya ya zo da shi, har yau da sunan Abrams ake kiransa a ƙasashe da yawa. Tsayinsa santimita 30, gindi 20, baki 10. Ana cika shi hawa uku, kowane hawa a soka da rodi sau 25, a zare shi sama a hankali, a auna yadda tulin ya zauna. Laushin kwaɓi yake nunawa, ba ƙarfi ba, sai dai yana saurin tona asirin wanda ya saci ƙara ruwa.

Inda nake son ka kashe ruwan shi ne bayan kankare ya kama. Gobe da asuba ka je dakin nan ka shayar da shi, ka rufe da jiƙaƙƙun buhuna saboda iskar hunturu, ka ci gaba safe da yamma har kwana 7. Injiniya zai fasa samfuran kankaren da ya ɗiba don gwajin ƙarfi a rana ta 28, zan tafi da kai ka gani.