Amsa: Daga Django 3.2 zuwa 5.2, in haura kai tsaye?

Ɗan uwa ka ce manhajarka na kan Django 3.2 (tsarin Python da ake gina manhajojin yanar gizo da shi) kuma kana so ka haura 5.2 a tashi ɗaya, don Allah kar ka yi haka. Haurawar dai dole ce, don tun Afrilun 2024 aka daina yi wa 3.2 gyaran tsaro, amma bi ta daki-daki, 4.0, 4.1, 4.2, a haka har ka kai, in abu ya fashe ka san a wane mataki ya fashe.

Fara buɗe sabon reshe (branch) a Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen lambobin aikinka, sannan kafin kowane mataki ka kunna gwaje-gwajenka da python -Wa manage.py test, zai zubo maka gargaɗin duk abin da za a cire nan gaba, ka gyara su tun kana kan tsohon. A 4.0 ma kaɗai an cire url() na django.conf.urls sai ka koma re_path ko path, kuma a saitin CSRF_TRUSTED_ORIGINS, jerin adireshin da ka amince a turo fom daga gare su, yanzu sai ka sa https:// a gaban adireshin, in ba haka ba fom ɗinka na iya dawo maka da kuskuren 403, wato an hana ka shiga, kana ta neman laifin a wani wuri. 5.0 kuwa ba ya tashi sai da Python 3.10 ko sama, to duba wane Python ke kan sabarka (server) tukuna.

Abin da ya fi cin rai gaskiya shi ne fakitocin wasu da ka jingina da su, wani mai shi ya watsar tun tuni. Turo mana requirements.txt ɗinka, fayil ɗin da ke da jerin fakitocin, mu duba tare.