Ƙaramin jirgin ruwa ko babba, don ganin ƙanƙarar Alaska ta Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramin jirgi ya fi, da kuma watan da ya dace. Idan ƙanƙara ce ta kai ka, ƙarami ya fi nesa ba kusa ba. Mai ɗaukar fasinja ƙasa da 100 yana kutsawa lungunan teku masu matsi irin su Tracy Arm, ya sauke ku cikin kwalekwalen roba. A gandun Glacier Bay kuwa, manyan jirage biyu kacal ake bari su shiga a rana.

Lokacin tafiya daga Mayu ne zuwa Satumba. Mayu da Yuni sun fi ƙarancin ruwan sama, sai dai a watannin nan ana rufe mashigar Johns Hopkins da ke cikin Glacier Bay saboda dabbobin ruwa masu haihuwa a kan ƙanƙara.

Kada ka ji haushi in matuƙi ya tsaya nesa da bangon ƙanƙarar Margerie, wani ƙaton tudun ƙanƙara a Glacier Bay, kamar mita 400. Bangon yakan ɓalle ba zato, ka ji ƙara kamar tsawa, sannan igiyar ruwa ta taso wadda za ta iya kifar da kwalekwale. Gutsuren da ke yawo ma, kusan kashi 90 cikin 100 nasa yana ƙarƙashin ruwa, kuma yakan juye. Wani lokaci gutsattsarin kan toshe hanya, dole jirgi ya juya.

Ka sa tufafi hawa uku: na ciki na ulu, rigar sanyi, sai rigar ruwa. Auduga in ta jiƙe sanyi take riƙewa. Batirin waya na saurin mutuwa a sanyi, ka ajiye ta a aljihun ciki.

Ka kuma duba hanyar jirgin: idan yana tsayawa a Kanada, za ka buƙaci bizar Kanada ƙari a kan ta Amurka.