Ƙarar injin: a gyara ko a haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Golf 3 nake ja, ina kai fasinja kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ta haura kilomita 300,000, kuma yanzu injin na ƙyas-ƙyas da asuba. In kwance shi ko in lallaɓa? Daga wani direba a Gumel.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar kwance injin. Ƙyas-ƙyas daga saman injin, wadda ke ɗaukewa bayan 'yan mintoci, yawanci baƙin mai ne bai gama hawa sama ba. Mota kan yi shekaru a haka. Ka juye mai, ka sa 20W-50 mai kyau da sabuwar filta, ka riƙa duba sandar mai kafin ka tayar. Iyakilina ma, wato matatar iskar injin, ka kula da ita, don ƙurar hunturu na cinye ringi.

Wadda nake tsoro ita ce gwaf-gwaf mai nauyi daga ƙasa, wadda ke ƙaruwa in ka taka totur ko ka yi lodi, musamman in jar fitilar mai tana ƙyaftawa bayan injin ya yi zafi. Wannan kwanciyar karanshaf ce ta cinye, wato ƙarafan da babbar sandar da ke juyawa a ƙasan injin take kwance a kansu. Don Allah kada ka ɗauki mutane a haka. Yau ƙananan kaya za ka canza, in kuwa ya buga a hanya, sai ka nemi wani injin a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Ka bar motar ta kwana a gareji, bakanike ya saurare ta da asuba tun tana sanyi.