Tambaya da Amsa: Me zan ce da Turanci in an tambaye ni waƙar da nake saurare?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, ina shirin zana jarrabawar IELTS, wadda ake auna iya Turanci da ita. Karatu da rubutu ba sa ba ni wahala sosai, amma da na buɗe baki zan yi Turanci sai harshena ya ɗaure. An ce mini ana yawan tambaya a kan waƙa da kiɗa, shi ne na samo wata amsa a intanet na haddace, a kan waƙoƙin Turawa da ban taɓa ji ba. Ni abin da nake ji bai wuce waƙoƙin bege ba, sai na biki, sai tsofaffin waƙoƙin kalangu da Babanmu ke kunnawa. In ci gaba da haddar, ko yaya zan yi? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Amin, Allah ya ba ki sa'a.

Ki ajiye haddar nan tun yau. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma masu yi muku jarrabawar an horar da su a kan gane amsar da aka haddace. Da mai tambaya ya ji muryarki ta koma irin ta mai tilawa, sai ya juya tambayar ta wata fuska, nan ne za ki ga hanya ta ɓace miki.

Na ga haka da idona a ajina. Wani saurayi ya miƙe ya zuba mini jawabi santala-santala a kan yadda yake ƙaunar kiɗan jazz, har da manyan kalmomi. Na ce masa ya faɗa mini kayan kiɗa guda ɗaya da ake amfani da shi a ciki. Ya kalli silin, ya kalli takalminsa, ya shiga murza hularsa. Sai na sauya, na ce da Turanci, wace waƙa aka fi sakawa a bikin ƙanwarka? Fuskarsa ta saki. Ya yi kusan minti biyu yana ba mu labarin yadda janareta ya mutu ana tsakiyar rawa, mata suka ci gaba da tafi suna rera amshin da baki. Akwai kurakurai a maganarsa, amma babu inda ya tsaya yana lalube, kuma duk ajin ya fahimce shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da kike ji da gaske, shi za ki iya magana a kansa.

Ɗaurewar harshen kuwa ba laifinki ba ne ke kaɗai. Yawancinmu mun koyi Turanci da ido ne. Ko takardar da ake kira ta magana a jarrabawar WAEC, zaɓen amsa ne da fensir, ɗalibi ya gama ya fita bai furta kalma ɗaya ba. IELTS ba haka take ba. Za ki zauna da mutum ne na tsawon minti 11 zuwa 14. Kashi na farko, minti 4 zuwa 5, hira ce a kan rayuwarki: gida, aiki, abinci, abin da kike yi in kin samu hutu, kuma a nan ne batun waƙa ya fi fitowa. A kashi na biyu za a ba ki kati, ki yi shiri na minti 1, sannan ki yi magana har zuwa minti 2 ba tare da an katse ki ba. Na uku tattaunawa ce mai ɗan zurfi. Abu huɗu ake ba wa maki: gudanar magana da haɗuwarta, yawan kalmomi da iya sarrafa su, nahawu, da lafazi. Duba da kyau, babu wurin da aka ware don auna ko waƙar da kike so ta Turawa ce ko ta Hausa. Wanda ma ba ya sauraren kiɗa saboda addini, ya faɗi haka kai tsaye ya kawo dalilinsa da abin da yake saurare a madadinsa, karatu ne ko wa'azi ko labarai, makinsa na nan.

Abin da ya sa nake fara wa ɗalibaina da batun waƙa shi ne, yana tono wuraren da Bahaushe ya fi tuntuɓe a Turanci, duk a zama ɗaya.

Fara da kalmar "ji". Mu da ita muke jin magana, mu ji yunwa, mu ji ƙamshi, mu ji Hausa. Shi ya sa "ina jin waƙa" kan fito a matsayin *I am hearing music*. Bature ya raba su. *Hear* shi ne abin da ya faɗo kunnenki ba shiri, kamar kiɗan da ke tashi daga shagon masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa kina wucewa. *Listen* kuwa sauraro ne da niyya, kuma ba ya tafiya sai da *to*. Mu muna cewa "saurari waƙa" ba komai a tsakani, don haka *to* ɗin kan faɗi a hanya. *I listen to music*, ki maimaita shi har bakinki ya saba. Ita kuma *music* ba ta da jam'i. In ƙirga kike so, *songs* za ki ce.

Sai kuskuren da ya fi duka jawo asarar maki, kuma har manyan ma'aikata na yin sa. Hausa na da "nakan": nakan kunna bege da safe. Da yawa sukan juya shi da *I used to*. Alhali a kunnen mai jarrabawa, *I used to listen* na nufin da can kina yi, yanzu kin bari. Kin ga kin faɗi akasin abin da ke ranki. "Nakan" a Turanci shi ne *I usually listen* ko *I often listen*. Ki ajiye *used to* don labarin yarinta, a nan yake da kyau ƙwarai: *My father used to play old songs on the radio every evening.* Da wannan jimla ɗaya kin nuna kin iya lokacin da ya shuɗe, kin kuma buɗe ƙofar labari. "Na fi son" ma yana da tarkonsa, domin *prefer* da *to* yake tafiya, ba da *than* ba.

Yanzu ga inda nake ganin kin fi mai sauraren waƙar Turawa gata. Kalangu ba shi da suna guda a Turanci da kowa ya sani. Haka kuntigi, haka goge, haka bege. Ɗalibai na jin tsoron wannan, ni kuwa murna nake yi da shi, saboda a cikin ma'aunin kalmomi ana duba ko mutum ya iya zagayawa ya bayyana abin da ba shi da kalmarsa. Faɗi sunan da Hausa, sannan ki kwatanta shi yadda za ki kwatanta wa baƙo. Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu, fata a baki biyu, igiyoyi sun haɗa su, makaɗi na matse ta a hammata muryarta na hawa da sauka kamar mai magana. Da Turanci ba ya buƙatar manyan kalmomi: *It is a small drum you hold under your arm. When you squeeze it, the sound goes up and down, like a voice.* Ki ƙara da cewa da shi ake yi wa marigayi Mamman Shata kiɗa, wanda ya rasu a 1999 amma har gobe ana jin sa a tasha da gidajen rediyo. Bege kuma, *songs in praise of the Prophet*, ki faɗi lokacin da kike kunnawa da abin da yake yi wa zuciyarki bayan kin sauko daga aikin dare. Wannan amsa babu wanda zai same ta a intanet.

Lafazi, a taƙaice. Namu "f" da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa *p* da *f* ke cakuɗe mana. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinki ki ce *pop*, dole ta motsa. A *f* da *v* kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa: *favourite*, *voice*. *Prefer* da *perform* sun haɗa duka biyun, su ne awon ki. Kada ki cusa wasali a *drum* ta koma "diram". Ki kula da inda nauyin kalma yake: a *music* gaɓar farko ce, a *musician* ta biyu. Ƙarshen *song* kuma kyauta kika same shi, sautin da kike rufe "nan" da "can" da shi ne. Ba a neman ki zama 'yar Landan, a gane abin da kika ce ba tare da wahala ba, shi ke nan.

Wasu za su ce ki riƙa bin waƙoƙin Turanci kina rerawa. Yana taimaka wa kunne, ban musa ba, amma mawaƙi kan karya nahawu don kiɗa ya zauna, kuma da yawa daga waƙoƙin da ake yi a Legas Turancin buroka ne. Hirar da ake yi da mawaƙa a rediyo ta fi amfani a gare ki, don irin tambayoyin ne za a yi miki.

Ga aikin da zan ba ki. Akwai wata dabara da ake kira 4/3/2, wadda masanin koyar da harsuna Paul Nation na New Zealand ya yi bincike a kanta ya kuma yaɗa ta. Za ki ba da labari ɗaya sau uku: na farko cikin minti 4, na biyu cikin minti 3, na uku cikin minti 2, kowane zagaye ga mai sauraro dabam. Tunda labarin bai sauya ba, ƙwaƙwalwa ta huta da neman abin faɗi, sai harshe ya sami sarari ya yi gudu. In kina da abokan aiki da za su saurare ki lokacin hutu, madalla. In babu, wayarki ta isa. Naɗi muryarki, ki saurara ko da ba ki son jin ta, ki tsamo kuskure guda ɗaya tak, ki gyara shi a zagaye na gaba. Guda ɗaya nake nufi. Mai son gyara goma a lokaci guda shi ne ke komawa shiru. Kada ki rubuta jimloli, 'yan kalmomi uku ko huɗu a bayan takarda sun wadatar, kamar yadda za ki yi a minti ɗayan nan na shiri.

Daren yau ki fara da wannan: wace waƙa ce in kin ji ta take mayar da ke gidanku kina yarinya? Faɗi wanda ke kunna ta, a wane ɗaki, da rediyo ko da kaset, me Mama take yi a lokacin. Gobe ki ɗauki ta biki, jibi ki ɗauki bege. In kin kwana bakwai a haka, ki dawo kan naɗin daren farko ki saurara, sannan ki turo mini kuskuren da ya ƙi barinki mu duba shi tare.