Ciwon Kwatangwalon Mama: Shin In Kai Ta Wurin Mai Gyaran Gaɓoɓi da Hannu?

Wata 'yar'uwa da ke aiki a Ingila ta rubuto. Mahaifiyarta mai shekara 71 ta zo mata ziyara da bizar wata shida, ga shi kwatangwalonta na dama ya kusa shekara biyu yana damunta. Da safe sai ya ƙage, sa safa da yanke farcen ƙafa sun gagare ta. Abokiyar aikinta ta nuna mata wani kairofurakta, wato mai gyaran gaɓoɓi da hannu, shi kuma ya ce a biya kuɗin zuwa da yawa a dunƙule. Tana tambaya: ta biya ko ta dakata? Saura wata huɗu su rabu.

'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya, Ya saka miki da alheri. Ki dakata tukuna. Ba wai don aikin mutumin banza ba ne, a'a, sai don har yanzu ba wanda ya tabbatar da abin da ke damun Mama.

Yadda kika siffanta shi, ya yi kama da amosanin gaɓa irin na zaizayar guringuntsi. Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake a cikin kwarmi, guringuntsi mai santsi ya lulluɓe su. Idan ya fara cinyewa sai gaɓar ta ƙage, ciwon ya fito ta gaba, inda cinya ta haɗu da mara, wani lokaci ya gangaro har gwiwa. Amma ciwon ƙugu ma yakan aiko da zafi wajen, haka tsagewar ƙashi bayan ɗan zamewa da tsohuwa ta manta ta faɗa. Likita ne zai bambance. A Ingila kowa na iya rajista da likitan unguwa, wato GP, ya gan shi kyauta, ba a hana mutum don biza irin ta ziyara. Inda kuɗi ke shigowa shi ne idan aka tura ta asibiti: baƙo mai ziyara ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin. Ki duba inshorar tafiyarta ma, don galibinsu ba sa biyan ciwon da mutum ya zo da shi. Sau da yawa ba a ko buƙatar hoto. Ƙa'idar 2022 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce wanda ya kai 45, ciwon na tashi da motsi, ƙagewar safe ba ta wuce minti 30, ana iya gane cutar da duba kawai.

To, shi kairofuraktan me zai yi? Sana'ar ta faro ne a 1895 a Davenport ta Amurka, a hannun wani D.D. Palmer, kuma asalinta kan ƙashin baya ne. A kwatangwalo, abin da suke yi shi ne su kwantar da mutum, su ja ƙafar a hankali su saki, wani lokaci su ɗan fizga, su miƙar da tsokokin da suka ɗaure. Ƙarar da ake ji ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, iska ce a ruwan gaɓar. Guringuntsin da ya cinye kuwa ba hannun da zai dawo da shi. Duk wanda ya ce miki zai warkar da ita gaba ɗaya, ki kama hannun Mama ku fito.

Sauƙi kam ana iya samu. A Denmak, a 2013, an raba mutum 118 masu wannan ciwo gida uku. Waɗanda suka haɗa ilimantarwa da aikin kairofurakta na mako shida sun fi waɗanda aka sallama da takardar atisaye kawai samun sauƙi a ƙarshen makonnin. A Holan ma, a 2004, wani gwaji kan mutum 109 ya fifita aikin hannu a kan atisaye bayan mako biyar. Sai kuma ga na Ostareliya a 2014, mutum 102: rabi sun sami atisaye da aikin hannu a wurin likitocin gashi (wato na gashin ƙashi da atisaye), rabi an shafa musu man da ba magani a ciki aka goga musu na'urar da ba a kunna ba. Duka ɓangarorin sun ji sauƙi, kuma ba wanda ya fi wani. Wannan ya daɗe yana ba ni tunani. Ashe kulawar ma, a zauna da tsoho a saurare shi a taɓa inda ke masa ciwo, tana da nata rabon a cikin sauƙin. Shi ya sa NICE ta ce a yi aikin hannu ne kawai tare da atisaye, ba shi kaɗai ba. Ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ma, a 2019, ba ta ga ya ƙara wani abu a kan atisaye ba.

Shekarun Mama su ne abin da na fi ji. Mace da ta haura 70 ƙashinta na iya yin rauni ba ta sani ba. Idan an taɓa ce mata ƙashinta ya yi laushi, ko ta daɗe tana shan sitiroid, ko tana kan maganin tsinka jini irin warfarin, ko ta taɓa ciwon daji, to ba fizga sai likita ya yarda. Wuyanta kuma kada a taɓa, ba shi ya kawo ku ba. Idan ciwon ya hana ta taka ƙafa, ko ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, asibiti za ku nufa ranar.

In likita ya ce ba matsala kuma kina da hali, ki nemi sunan mutumin a rajistar General Chiropractic Council, hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Birtaniya, da ke intanet. Doka ce: wanda ba ya ciki ba shi da ikon kiran kansa da wannan suna. Kada ki biya a dunƙule. Ki biya zuwa-zuwa, ku sa ma'auni tun ranar farko: tana iya sa safa? Taku nawa take yi kafin ta nemi kujera? In mako shida suka wuce ba canji, a tsaya.

Ki kuma tuna wata huɗu ne. Kairofuraktan ba zai bi ta jirgi ba, amma atisayen zai bi ta. Ki sa likitan gashi ya koya mata na ƙarfafa cinya da ɗuwawu: tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, ɗaga ƙugu a kwance, tafiya kaɗan-kaɗan kullum. Farko zai ɗan ƙara ciwo, kada ta tsorata. Sanda a hannun hagu za ta riƙe tunda na dama ke ciwo, mutane da yawa suna juya wannan. Ibuprofen da danginsa kuma kada ta mai da su na kullum, suna cin ciki da ƙoda ga tsofaffi.

In ciwon ya kai ga hana barci duk da wannan, zancen tiyatar sauya gaɓar ya taso, kuma wannan shawara ce ta ke da 'yan'uwanki, tun kafin ta koma. Ki karɓi bayanin likita a rubuce, ki ɗauki atisayen a bidiyo da wayarki, ki tura wa wanda zai riƙa zama da ita.